Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Injin Yankan Ciyawa: Ta Kamfani Ko Ta Kasuwa

A Damagaram injin yankan ciyawa ba kayan kowane gida ba ne. Inda za ka same shi shi ne filin ƙwallo, harabar otal, gidajen ƙungiyoyi, wasu ma'aikatu, da ɗaiɗaikun gidajen da ke da halin shayar da kiri-kiri a garin da ruwa yake da tsada. Saboda injinan ba su da yawa, kayan gyaransu ma ba su da yawa. Ranar da wuƙa ta lalace, ko dai ka jira ta kamfani ta zo daga Yamai ko daga waje, ko ka aika Kano, ko ka ɗauki wadda ka samu a hannun masu kayan injina. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da nake gaya wa duk sabon yaro shi ne: sunan da ke jikin kwali ba shi ke yanka ciyawa ba. Wuƙa ta fara zama daidai a mazauninta, sannan ta dace da ƙasarmu mai rairayi.

Wuƙaƙen iri uku ne. Akwai ta kamfanin da ya ƙera injin, kamar Honda, Husqvarna, Toro ko MTD. Akwai ta kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙera madadin kayan wasu, irin su Oregon, Stens da Rotary, waɗanda ke rubuta lambar wuƙar da tasu ke maye gurbinta. Sai ta uku, marar suna marar lamba, wadda ake cewa tana shiga kowane inji. Biyun ƙarshen su nake kira na kasuwa, amma tsakaninsu akwai tazara mai yawa.

Kayan aiki

Sifana daidai kan ƙusar tsakiya, wadda ke rufe kan ƙusar gaba ɗaya ta fi mai buɗaɗɗen baki
Guntun katako mai kauri
Safar hannu ta fata da tabarau na kare ido
Mitar awo mai nuna milimita
Kwali da biro, da alli
Doguwar ƙusa, irin ta kafinta
Magagari
Buroshin ƙarfe, da ɗan kalanzir don tsatsa
Sikeli, ko da na mai shago ne
Sifana mai auna ƙarfin ɗauri, idan za ka iya aro a gareji

1. Kashe inji, ka kwantar da shi ta gefen da ya dace

Zare wayar buji, wato filogin da ke ba inji wuta, ka kawar da ita gefe yadda ba za ta koma ta taɓa kansa ba. Juya wuƙa da hannu daidai yake da jan igiyar tayarwa, inji mai ɗumi yana iya amsawa. Idan na lantarki ne, cire waya daga soket ko ka fitar da batir. Ka bari man tanki ya ƙare ko ka zuƙe shi.

Wajen kwantarwa, gefen da matatar iska da kabireta suke shi ne zai kalli sama. Idan ka juya shi akasin haka, baƙin mai zai gangara ya jiƙa matatar, inji ya ƙi tashi ko ya cika wuri da farin hayaƙi.

2. Cire tsohuwar wuƙa

Kafin ka taɓa ƙusa, yi alama da alli a fuskar wuƙar da ke kallon ƙasa, kuma ka ɗauki hoto da waya. Cusa katako tsakanin wuƙa da kwanon da ke rufe ta don kada ta juya. A yawancin injinan turawa ƙusar tana kwancewa ta hagu kamar kowace ƙusa, amma akwai ƴan kaɗan masu zaren baya, don haka idan ta ƙi motsi kada ka hau ta da ƙarfi sai ka tabbatar. Wadda tsatsa ta kama, zuba mata kalanzir ka ba ta lokaci, sannan ka ƙara wa sifana tsawo da bututu. Guduma a kan sifana tana cinye kan ƙusa.

Jera abin da ka cire bi da bi: ƙusa, washa, wuƙa. Washar da ta ɗan yi ƙoƙo tana da fuska, ka lura da wadda ke kallon wuƙa. Goge mazaunin wuƙar da buroshi ka duba ko ya tsage, ko ƴan ƙusoshin da ke shiga ramukan gefe sun cinye. Sabuwar wuƙa a kan mazaunin da ya lalace asarar kuɗi ce.

3. Nemo lamba, sannan ka auna

Ga kuskuren da ya fi yawa. Mutum zai ga an rubuta Briggs & Stratton a saman inji, ya je ya ce a ba shi wuƙar Briggs. Wannan kamfani motar da ke sama, wato ɓangaren da ke shan mai yana juya wuƙa, yake ƙerawa, wani kamfanin daban ne ya yi kwano da tayoyi da mazaunin wuƙa. Haka ma akwai injina da yawa masu motar Honda waɗanda jikinsu na wani ne. Lambar da kake nema tana kan takardar da aka manna a jikin kwano, galibi ta baya kusa da taya. Wani lokaci kuma lambar wuƙar tana buge a jikinta, sai ka kankare datti za ka gan ta.

Injinan da ke zuwa mana na hannu sau da yawa takardarsu ta goge. To sai awo, kuma abu biyar za ka rubuta.

Tsawo. Ba a auna shi a miƙe ta gefe ɗaya. Ana aunawa a karkace, daga tsinin kaifi na wannan kai zuwa tsinin kaifi na wancan kai, domin shi ne faɗin da'irar da wuƙa ke zagayawa. Injinan Turai da santimita suke, irin su 41, 46, 51 da 53. Na Amurka da inci, 16, 18, 20 da 21, kuma kusan girma ɗaya ne: inci 21 shi ne santimita 53. Na ce kusan, domin ainihin wuƙar takan gaza lambar da ke jikin inji da ƴan milimita, kuma kowane kamfani da nasa. Ka tuna tsohuwar ta ci ƙasa, tsininta ya ragu.

Ramin tsakiya. A nan ne yawancin cinikin ke lalacewa. Akwai zagayayye, wanda girmansa ya bambanta: milimita 10 ba ɗaya ba ne da kashi uku cikin takwas na inci, wato milimita 9.5, ko da yake ido ba ya rarrabewa. Akwai mai siffar tauraro: mai tsini biyar a manyan injinan hawa na Husqvarna, mai tsini shida a na MTD. Akwai mai tsukakken tsakiya da faɗi a gefe biyu, wanda ke kan injinan turawa na MTD da yawa. Wasu injinan Honda kuma wuƙa biyu gare su, ɗaya bisa ɗaya, da ƙusa biyu ke riƙe su.

Ramukan gefe, idan akwai: girmansu da nisan da ke tsakaninsu, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan.

Faɗi da kauri. Kaurin wuƙar injin turawa yakan kama daga milimita 3 zuwa 5.

Tudu. Ɗora wuƙar a kan simintin da yake sumul ka duba ta gefe. Wata a miƙe take, wata tsakiyarta ya ɗaga ko ya sauka. Wannan ke nuna inda kaifi zai tsaya a cikin kwano. Idan ka sa miƙaƙƙiya a gurbin mai tudu, tsayin yankan zai canza, ko ta riƙa gogar wani abu a ciki.

Bayan awo, ɗora wuƙar a kan kwali ka zagaye ta da biro, har ramukan. Idan saƙo za ka ba direban da ke bin hanyar Magariya ko ta Matamai zuwa Kano, kwalin nan za ka ba shi tare da lambar. Hoton waya ba ya nuna milimita. Idan kai da kanka za ka shiga Kasuwar Dole ta nan Damagaram, tafi da tsohuwar wuƙar a buhu.

4. Haɗa su ido da ido

A shago, ɗora sabuwar a kan tsohuwar, ka zura ƙusar injinka ta cikin ramukan biyu. Ƙusar ta shiga ba tare da dole ba, kuma kada wuƙar ta yi wasa a jikinta. Ramukan gefe su hau juna. Sannan ka duba ɓangaren da kaifi yake: idan na sabuwar yana kallon akasin na tsohuwar, an yi ta ne don injin da ke juyawa ta ɗaya hannun, kuma babu dabarar da za ta gyara wannan.

Yaron shago zai iya ce maka, "Maigida, ai wannan tana shiga kowane inji, ga washoshi a ciki." Gaskiya ne ana sayar da irin wannan, mai babban rami da ƙananan zobba na cike gurbi. Tana iya fid da kai kunya na ɗan lokaci a injin da raminsa zagayayye ne, idan zoben ya cika ramin tsaf. A inji mai tauraro kuwa ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin tsinin tauraron nan su ke hana wuƙa zamewa. Ka ce masa, "Sannu da ƙoƙari, samari, amma kira mini Alhaji ya duba ko akwai mai wannan lambar."

Kada a ƙara faɗin rami da magagari, kada a yanke tsawo, kada a kai wa mai walda ya cike. Wuƙa mai santimita 53 da ke juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, tsininta yana gudun da ya kai wajen kilomita 300 a awa. Duk abin da ya ɓalle daga jikinta da wannan gudun zai fita, kuma ƙafarka ce mafi kusa. Saboda wannan dalili ne ma ba na ba da shawarar a kai wa maƙeri ya ƙera daga ƙarfen sifirin mota, duk da na san gwanintar maƙeranmu. Ƙarfen wuƙar inji an gasa shi ne a tsaka-tsaki, yadda idan ya bugi dutse zai lanƙwashe maimakon ya fashe. Wanda ya yi tauri da yawa tarwatsewa yake yi.

Auna nauyinsu a sikeli. Idan sabuwar ba ta kai nauyin tsohuwar da ta riga ta cinye ba, kada ka saye ta. A ƙananan injinan turawa nauyin wuƙa yana taimaka wa motar juyawa, shi ya sa wuƙa marar nauyi kan sa igiya ta fizge hannu wajen tayarwa. Mai nauyi fiye da kima kuma tana wahalar da ƙaramar mota, ta ƙara shan mai. A ƙarshe ka goga magagari a bayanta sau biyu. Idan yana cin ta cikin sauƙi kamar ƙarfen rodi, ba za ta riƙe kaifi ba. Araha ba ta ado.

5. Dubi fiffike, domin nan ne ƙasarmu ta bambanta

A bayan kowane kaifi akwai wurin da ƙarfe ya lanƙwaso sama. Shi ne fiffike. Aikinsa jan iska: yana miƙar da ciyawa tsaye a yanke ta, sannan ya hura ta cikin jaka. Mai dogon fiffike tana cika jaka da kyau. Mai gajere ba ta ja sosai. Akwai kuma mai lanƙwasa ko haƙora a baya, wadda ke maimaita yanka har ciyawa ta zama gutsi-gutsi ta koma ƙasa.

Yawancin injina suna fitowa daga kamfani da wuƙa mai matsakaici ko dogon fiffike, domin an yi su ne don ƙasashen da ciyawa ke rufe ƙasa ruf, ga danshi. Mu kuwa ruwan da muke samu a shekara bai wuce wajen milimita 400 ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma ko a filin da ake shayarwa za ka ga rairayi yana leƙowa tsakanin kiri-kiri. Dogon fiffike ba ya bambanta ciyawa da yashi, duka yake zuƙa. Yashin nan yana cin wuƙa a daidai lanƙwasar fiffike har wurin ya yi siriri ya tsage, yana cin kwano ta ciki, yana toshe matatar iska, kai kuma mai turawa ka sha ƙura.

Don haka a fili mai rairayi, wuƙar kasuwa ta sanannen kamfani mai gajeren fiffike takan fi ta asali daɗewa, kuma ina zaɓenta ba tare da wata-wata ba idan awonta ya yi daidai. Wannan ita ce babbar fa'idar wuƙaƙen kasuwa: inji ɗaya, suna ba ka siffa biyu ko uku. Amma idan ciyawar ta yi kauri a tsakiyar damina, ko kana tara ta ne don tumaki da awaki, gajeren fiffike zai bar maka rabi a ƙasa. Nan ta kamfani ce ke da gaskiya. Mai niƙawa kuma, wato mai maimaita yankan nan, tana da amfani a ƙaramin lambun gida da ake yanka akai-akai, domin gutsattsarin da ta bari suna rage bushewar ƙasa. Ba ta iya doguwar ciyawa ba. Ka sa ta cikin ƙyasuwa ko harkiya da ta kai gwiwa, inji zai shaƙe.

Wanda ke da hali ya riƙe biyu, ta rani da ta damina.

6. Gwada daidaiton nauyi

Kafa ƙusa a bango ko a jikin icce, ka rataya wuƙar ta ramin tsakiya a kwance. Idan ta tsaya, madalla. Idan gefe ɗaya ya riƙa sauka, ya fi nauyi. Ta kamfani da wuya ka same ta da wannan matsala. Marasa suna kuwa, kada ka ɗaura ko ɗaya ba ka rataya ta ba. Ƙaramin bambanci ana gyara shi da magagari, a rage ƙarfe kaɗan-kaɗan daga gefen mai nauyi, a sake ratayawa. Babban bambanci, mayar da ita. Wuƙar da ta karkata tana girgiza inji har ƙusoshi su kwance, ta lalata robar da ke tare baƙin mai a gindin motar.

Fentin da ke bakin sabuwar wuƙa ba dakushewa ba ne, zai tafi a yankan farko. Ba sai ka wasa ta ba.

7. Ɗaura ta

Fiffike yana kallon sama, wato cikin kwano. Wuƙar da aka ɗaura a kife tana dukan ciyawa da bayanta, kuma na ga mutane suna zagin sabuwar wuƙa alhali juya ta suka yi. Ka tabbata ta zauna daram a mazauninta, tauraro cikin tauraro, ƴan ƙusoshi cikin ramukansu, kafin ka sa washa. Fara ɗaura ƙusar da hannu don kada zare ya hau karkace. Ƙarfin ɗauri yana cikin littafin inji. A injinan turawa da yawa yana tsakanin 50 da 80 a ma'aunin Nm da ke jikin sifanar awo. Idan ba ka da ita, ɗaure sosai da sifana mai tsawon hannu, ba tare da bututu ba kuma ba tare da taka ta da ƙafa ba, sannan ka sake dubawa bayan yankan farko.

Wayar buji tana cire har yanzu. Juya wuƙar da hannu zagaye guda, ka saurara ko tana taɓa wani wuri. Sai ka yi alama ɗaya a bakin kwano, ka kawo tsini na farko wurin ka auna nisansa da bakin, ka juyo na biyu ka auna. Idan bambancin ya wuce milimita 3, ko wuƙar ta lanƙwashe ko sandar da ke juya ta. Mayar da wata wuƙar ka sake awo. Idan bambancin bai tafi ba, sandar ce, kuma wannan aikin makaniki ne. A garin da duwatsu suka yi yawa kamar namu, musamman ta unguwar Birni, wannan ba baƙon abu ba ne.

8. Gwajin yanka

Tsince duwatsu, waya, ƙashi da gwangwani daga filin, ka kori yara nesa. Tayar da inji ka riƙe hannunsa. Idan karkarwar ta fi wadda ka saba ji, kashe nan take.

Idan kana da wuƙaƙen biyu kuma kana so ka san gaskiyarsu, raba fili gida biyu masu ciyawa iri ɗaya. Yanka ɗaya da ta kamfani, ɗaya da ta kasuwa, rana ɗaya, tsayin taya ɗaya, tafiya ɗaya, bayan raɓa ta bushe. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa, in ba haka ba kowace wuƙa za ta ba ka kunya. Kuma duka biyun su kasance da kaifi, domin gwada sabuwa da tsohuwa dakusasshiya ba adalci ba ne.

Durƙusa ka tsinko ganye kaɗan daga kowane ɓangare. Yanka mai kyau bakinsa a miƙe yake. Marar kyau za ka ga bakin ya yage yana da zare-zare, kamar gashin da wanzami ya bi da aska marar kaifi. Duba ko an bar layin ciyawa a tsaye, ko tana taruwa dunƙule-dunƙule, ko jaka ta cika da yashi fiye da ganye. Saurari motar a inda ciyawa ta yi kauri: wadda ta sa muryarta ta faɗi sosai tana cin ƙarfi.

Hukuncin gaske sai bayan kwana biyu. Ɓangaren da aka yage zai yi fari-fari ko ruwan ƙasa a sama, domin yagaggen baki yana zubar da ruwa da sauri, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu wannan yana nufin ƙarin shayarwa. Wanda aka yanka da kyau zai zauna kore.

9. Ci gaba da duba ta

A ranar farko wuƙa mai kyau da marar kyau suna iya yin kama. Bambancin ƙarfe yana fitowa ne bayan makonni. Ƙa'idar da aka saba ita ce a wasa wuƙa bayan aikin awa 20 zuwa 25, amma a rairayi ba ta kaiwa haka, don haka ka riƙa leƙa ta duk bayan ƴan yanka. Wasa ta da magagari ta fuskar sama kawai, ka bi gangaren da ta zo da shi, wajen digiri 30. Ba a son bakin ya yi siriri sosai, yashi zai naɗe shi cikin awa guda. Idan injin wasa ƙarfe za a sa mata, a riƙa tsoma ta a ruwa, domin wurin da ya yi shuɗi ya rasa taurinsa. Bayan kowane wasawa, a koma kan ƙusar bango.

Rubuta ranar da ka ɗaura kowace wuƙa da inda ka saye ta. Ta haka za ka gane ko mai arahar da ka canza sau biyu a damina ɗaya ta fi mai tsadar cin kuɗi. Wadda ta tsage, ta lanƙwashe, ko lanƙwasar fiffikenta ta yi siriri har kana iya ganin rami ya fara, cire ta a ranar, ko ta wane kamfani ce. Kada a miƙe ta da guduma. Ta asalin da ta zo da inji kuwa, ko ta mutu kada ka sayar wa masu gwangwan: rataye ta a ɗakin ajiya da lambar inji a rubuce a jikinta, domin da ita za ka auna duk wadda za ka saya nan gaba.